Idan Gabas Ta Yi Baƙi

 

Duk wanda ya san gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam ya san ba kowa ke kwana a gida ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya fara bin magudanai yana ratsa Kadawa, noma bai sake samun hutu ba a yankin nan. Ga masu gadin injin ban-ruwa, ga 'yan ci-rani masu tsinkar tumatir da yankan shinkafa, ga Fulani da shanunsu a gefe. Kowa kuma gindin bishiya yake nufa, mangwaro ko darbejiya ko ɗorawa a bakin ruwa. Nan za a kafa 'yar bukka, a shimfiɗa tabarma, a ɗora tukunya. Da rani babu laifi.

Daga watan Mayu kuwa zance ya sauya. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Ƙasar da ta sha ban-ruwa ta yi laushi, saiwa ba ta da riƙon kirki, reshen da gara ta cinye cikinsa kuma ba ya sallama kafin ya faɗo. Tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri, a shimfiɗaɗɗen fili irin namu kuwa bishiya ce. In ta same ta, wutar takan gangaro ta bazu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shi ya sa akan wayi gari a tarar da shanu rututu kwance a gindin itace guda.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya ga hadari ko iska akan ga damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa ke kwanciya. Yana tuna Adawa ne, da suka hango girgije ya doso kwarurrukansu suka yi ta murna, ashe halaka ce a ciki. Shugaban masu tawakkali ke nan fa. To mu su wa, da za mu ji rugugi mu gyara kwanciya, mu ce ai in kwana ya ƙare ya ƙare? Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma a ganina, a bakin da yawanmu maganar nan ƙiwa ce aka naɗa wa rawani. Rai amana ce, kuma wanda ya aiko hadarin shi ya ba ka ido da ƙafa.

Ɗan'uwa, kafin ka shiga gona yau, ɗaga kai ka dubi reshen da ke saman shimfiɗarka. In gabas ta yi baƙi, fito daga ruwa, ajiye fartanya, kira yaran da ke korar tsuntsu, ku nufi ginannen ɗaki ko mota mai rufi, don bukkar kara ba ta tare tsawa. Kada ku koma sai an yi rabin awa ba a ji rugugi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.