Idan Mai Laifi Ya Tsallaka Iyaka, Ta Wace Hanya Za A Dawo Da Shi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-komo a majalisun dokoki na duniya, wadda mu mutanen Kano muka fi mutane da yawa cancantar tofa albarkacin bakinmu a kanta, domin kusa da bakin iyaka muke zaune ko da ba mu cika tunawa ba. Tambayar ita ce: idan mutum ya yi ɓarna a wata ƙasa ya tsallaka wata, shin ya halatta 'yan sandan ƙasashen biyu su haɗa baki kawai su taso ƙeyarsa, ko kuwa tilas sai ya fara tsayawa gaban alƙali a can inda aka same shi?

Mai masana'anta a Sharada ko Challawa ko Bompai ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya amsa. Motar da aka sace a ƙofar kamfani bayan sallar isha'i, kafin assalatu tana iya wuce Katsina, ta bi Jibiya, ta kwana a Maraɗi. Ko kuma ta bi Daura da Kwangwalam ta nufi Damagaram. Iyakarmu da Jamhuriyar Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, yawancinta gonaki ne da burtali. Mai mota zai garzaya hedkwatar 'yan sanda ta Bompai ya kai kuka, amma ikon ɗan sandan Nijeriya a bakin iyaka yake ƙarewa. Ɓarawo ba ya tsayawa a buga masa hatimi, doka ce kaɗai ke tsayawa. Mutanen Sharada kuwa sun san wannan iyaka ta wata fuskar, domin ta nan atamfar fasa-ƙwauri ta riƙa kwararowa Kantin Kwari har masaƙu da dama suka kulle ƙofa, ma'aikata suka watse. Wanda ya ɗanɗana irin wannan, in ka ce masa a bi a hankali, sai ya ɗauka da ɓarayin kake.

Kuma gaskiya ne, haɗin kan 'yan sanda ya sha yin rana. A shekarar 2003 fashin motoci tsakanin Legas da Kwatano ya ishi gwamnatin Obasanjo, har ta rufe iyakar Benin a watan Agusta. Wanda ake zargi da jagorancin harkar, Hamani Tidjani, ɗan asalin Nijar ne mazaunin Kwatano. Ya gudu Mali, aka kamo shi, kafin ƙarshen Satumba yana hannun Nijeriya. Na kusa da mu shi ne na Abdulrashid Maina, wanda aka ba aikin gyara harkar fansho sannan aka tuhume shi da cin kuɗin. Ya tsallake beli, har kotu ta tura wanda ya tsaya masa, Sanata Ali Ndume, gidan yarin Kuje. Ranar 30 ga Nuwamba, 2020 aka cafke Maina a Yamai, ta hanyar haɗin gwiwar ofishin Interpol na Abuja da jami'an Nijar, ranar 3 ga Disamba yana Abuja. A 2021 aka yanke masa shekara 8. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ma'aikaci a layin fansho cikin rana, da wuya ya zubar wa Maina hawaye. Mu ma ba mu zubar ba. Rana dubu ta ɓarawo, aka ce.

To amma kwana uku fa! Mun yi ta murna da saurin, 'yan kaɗan ne a cikinmu suka tsaya tambayar hanyar da aka bi. A nan ne muke ganin akwai gyara a tunaninmu, domin hanya ba ta san wanda ke binta ba. Wadda aka share domin a dawo da ɓarawo cikin dare, ita ɗin ce za a bi gobe da wanda laifinsa kawai shi ne ya ɓata wa masu mulki rai.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Janairu na 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi da sunan wai ba ɗan ƙasa ba ne. Ba a kai shi gaban kowa ba. Sai daga baya Babbar Kotu a Maiduguri ta tabbatar ɗan Nijeriya ne. A watan Yuli na 1984 kuma aka sami Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri, a sume cikin akwatin katako a filin jirgin sama na Stansted a Ingila, ana shirin ɗora shi a jirgi zuwa Legas. Gwamnatin soja ta lokacin ta musanta hannunta a ciki, amma dangantakarmu da Ingila ta yi tsami na tsawon shekaru biyu, kuma shari'ar da ake son yi masa ba a taɓa yin ta ba. A Janairun 2018 mu ne muka zama masu miƙawa: aka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren Kamaru, a wani otel a Abuja, aka haɗa su 47 aka miƙa wa Yawunde, alhali a cikinsu akwai masu neman mafaka. A Maris na 2019 Babbar Kotun Tarayya ta ce abin da aka yi ya saɓa doka. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a watan Agusta na shekarar kotun soja a Kamaru ta yi wa shi da wasu tara ɗaurin rai da rai.

Ba muna cewa waɗannan mutane duka wankakku ne ba. Wannan ba aikinmu ba ne, kuma ba aikin ɗan sanda ba ne. Abin da muke cewa shi ne, ranar da ake kama mutum, ba wanda ya isa ya rantse cewa Maina ne a hannunsa ba Shugaba ba, sai an zauna an saurara.

Wannan ba baƙon tunani ba ne da Turawa suka kawo mana. Yaran makarantar allo ma sun san labarin sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha. Ƙuraishawa sun aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka, suna neman a ba su mutanensu, fadawan sarki kuma suka goyi baya, suka ce ai danginsu sun fi kowa sanin laifinsu. Najjashi ya ƙi miƙa kowa sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, sarki ya mayar wa manzanni kyautarsu. Abin lura a nan, Najjashi bai ce ba zai taɓa miƙa kowa ba, cewa ya yi sai ya ji tukuna. A ƙasarmu ma, Maraɗi kanta ai 'yan gudun hijira ne suka raya ta, wato sarakunan Haɓe na Katsina da jama'arsu bayan jihadi. Mun gāji sanin cewa wanda ya faɗo gidanka amana ne, har sai an tabbatar da abin da ya koro shi.

Dokarmu ta miƙa masu laifi, wadda aka kafa tun 1966, a kan wannan turba take. Ƙasar da ke neman mutum za ta rubuto, takarda ta biyo ta ofishin Babban Lauyan Tarayya, a kai mutumin kotu. Ba a miƙa shi idan laifin na siyasa ne, ko idan an ga don addininsa ko ƙabilarsa ko ra'ayinsa ake nemansa. Ko bayan kotu ta amince, sai an jira kwana 15 domin ya sami damar ƙalubalantar hukuncin. Ƙungiyar ECOWAS ta yi yarjejeniyar taimakon juna kan shari'ar laifuka a Dakar a 1992, da ta miƙa masu laifi a Abuja a 1994. Sai dai a Disambar 2003, a Akara, aka ƙulla wata tsakanin rundunonin 'yan sandan ƙasashen, wadda ta buɗe ƙofar miƙa wanda ake zargi daga hannun ɗan sanda zuwa hannun ɗan sanda. Ga babbar ƙofa mai alƙali a bakinta, ga kuma ƙaramar ƙofa ta bayan gida. Kowa ya san wadda mai gaggawa zai zaɓa.

A nan ne nauyi ya hau kan Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisa ta mayar da ita doka. Hikimar wannan sashe ita ce, kada shugabanni su je taro a wata ƙasa su sa hannu a kan 'yancin talaka, su dawo ba wanda ya tambaye su. A 2019 an sami dokar taimakon juna kan binciken laifuka da ƙasashen waje, wadda ta shafi musayar shaidu da bin sawun dukiyar sata, kuma wannan ci gaba ne. Amma tambayar da muke so mu ji wakilanmu na Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato suna ɗaga murya a kanta ita ce ta ƙaramar ƙofar nan: wa ke da ikon buɗe ta, a kan wane irin laifi, kuma wa zai amsa tambaya idan aka fitar da wanda bai ji ba bai gani ba?

Za a ce mana, ai kotu wurin masu kuɗi ne. Babban ɓarawo zai ɗauki manyan lauyoyi a yi ta ɗage zama har shaidu su mutu. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji shi ba. Sai dai mu duba wanda ƙofar baya ta fi cutarwa. Mu ƙaddara an fasa sito a Sharada, aka wayi gari maigadi, wani Buzu daga Tawa, ba ya nan. Wataƙila da shi aka haɗa baki. Wataƙila kuma tsoro ne ya kore shi, domin ya san a irin wannan rana maigadi ake fara ɗaurewa. Idan waya ɗaya tsakanin jami'i da jami'i ta isa a miƙo shi a Ɗan Isa, to babu jaridar da za ta buga, babu lauyan da zai zo, iyalinsa ma sai su yi wata ba su san inda yake ba. Haka abin yake ga ɗan Fagge da ya je cin kasuwa Damagaram aka ce ya yi kama da wani. Mai kuɗi ko ta wace ƙofa aka fitar da shi yana da masu bin sawunsa. Talaka kuwa alƙalin nan da muke raina wa, shi ne mutum na farko, wataƙila ma na ƙarshe, da zai rubuta sunansa a takarda. Maganin jinkirin kotu shi ne doka ta ɗaure kotun da wa'adi, a kuma sa alƙalai na musamman a jihohin bakin iyaka. Ba a rushe gada domin ana cunkoso a kanta.

Akwai kuma wani kulli da har yanzu bai warware mana ba. An dawo da Nnamdi Kanu daga Kenya a Yunin 2021. A Oktoban 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hanyar da aka bi haramtacciya ce, don haka a sallame shi. A Disambar 2023 Kotun Ƙoli ta yarda an taka doka wajen kawo shi, amma ta ce wannan bai hana a ci gaba da shari'a ba. Muna fahimtar hujjar, domin laifin jami'i ba ya wanke wanda ake tuhuma. Amma idan jami'in bai rasa komai ba, shari'a ta tafi yadda yake so, shi kuma ba a tuhume shi ba, me zai hana shi maimaitawa? Wannan giɓi ba alƙali ne zai cike shi ba, aikin masu yin doka ne.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Sau nawa a littattafanmu mugu ke gudu Nijar, jarumin ɗan sanda ya bi shi cikin shigar burtu, ya ɗauro shi a bayan mota, mai karatu ya yi ajiyar zuciya? Labari ne mai daɗi. Amma har yanzu muna jiran wanda zai rubuta mana daren maigadin nan a caji ofis na ƙasar da ba tasa ba.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa tun daga 29 ga Janairu, 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Yarjeniyoyin Dakar da Abuja da Akara duk a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar aka ƙulla su. Ƙasashen biyu sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma dukansu suna cikin Interpol, amma waɗannan ba su ne kotu ba. Motocin Sharada kuwa ba su fasa bin hanyar Jibiya ba, masu gadi ba su fasa zuwa daga Tawa ba, kuma jami'an ɓangarorin biyu suna da lambar wayar juna.