Ɗana, Koma Ga Alƙalaminka, Ka Riƙo Hannun Ɗan'uwanka

'Ya'yana na Jibiya da Magama, da na ƙetaren iyaka, tun daga Ɗan Isa har Maraɗi.

Maganata ta yau da kai nake, ɗana, kai da ka taɓa cika littafin makaranta da labari, 'yan ajinku suna karɓa hannu da hannu, suna damunka da tambayar ina ci gaban. Da ke ma nake, 'yata, ke da kika riƙa tsara baitoci a bayan littafin lissafi kafin a kai ki ɗaki. Yau kai kana bakin boda kana canjin sefa, ko kana dako, ko kana bin motar Katsina, ko kana riƙe da alli a firamare. Ke kuma hidimar gida da ta yara ta sha kanki. In aka tayar da zancen rubutu sai ku yi murmushi ku ce ai wannan aikin ƙuruciya ne. To nasihata guda ce: ku koma ga alƙalaminku, kuma in za ku koma, kowa ya riƙo hannun wani.

Na san uzurinka tun kafin ka kawo shi. Za ka ce neman abinci ya hana, kuma kai ba marubuci ba ne. Saurara ka ji yadda ƙagaggen labari na boko ya fara a ƙasar Hausa. A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwa yana neman waɗanda za su ƙago labari da Hausa. Waɗanda suka amsa kiran duk masu wani aikin ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, shi ma malami a Katsina, ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. A ɗan lokacin da aiki ya rage musu suka zauna suka yi, ga shi an haura shekara 90 ana karantawa. Biyu daga cikin littattafan nan a Katsina aka rubuta su, garin da kake shiga da hantsi ka komo gida kafin la'asar. Abin da suka fi ka kawai shi ne sun zauna sun fara, kuma sun kai ƙarshe.

Dalilin da ya sa na matsa maka kai ɗan Jibiya musamman shi ne abin da idonka ya gani. Kana nan aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Kafin mutane su gama mayar da numfashi, sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake datse hanya har zuwa Maris na 2024. A takardun hukuma waɗannan ranaku ne kawai. Kai kuwa ka san ɗan kamashon da ya wayi gari tasha babu mota. Ka san mai abincin da ta kife tukunya don babu direban da zai ci. Ka san amaryar da aka ɗaura wa aure a wannan ɓangare alhali ɗakinta yana wancan. Ka ga mutanen ƙauyuka sun shigo gari da tabarmi a ka saboda ɓarayin daji, wasu sun ƙetara ƙasar Maraɗi wajen dangi. Ka san kuma zumuncin da ya girmi iyakar kanta, tun lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma arewa bayan jihadi suka kafa Maraɗi. Ɗan jarida yakan zo daga nesa ya yi yini guda, ya ƙirga gawa ko buhun shinkafa, ya koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ku rubuta ba, jikokinku za su san garinsu ne ta bakin baƙo, kuma baƙo abu biyu ya sani game da Jibiya: fasa-ƙwauri da harbi.

Kada ka ce irin wannan rayuwa ba ta isa shiga littafi ba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya a kan harkar fasa-ƙwauri da cin hancin da ke tafe da ita, tun farkon shekarun 1980, littafin ya yi fice a gasar ƙasa, ana nazarinsa a jami'o'i. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Abin da kake takawa kullum ka wuce, shi wasu suka sunkuya suka ɗauka.

Yanzu ga yadda za ka koma. Kada ka ɗaura niyyar littafi mai juzu'i uku, don nauyin niyyar kaɗai zai sa ka ajiye. Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Zaɓi lokaci guda da ba ka da abokin rabo a cikinsa, ko bayan sallar asuba kafin a fita, ko bayan isha'i in gida ya yi shiru. Rubuta shafi ɗaya. Ka ji wani direba ya yi wata magana mai daɗi a tasha, rubuta ta yadda ya faɗa, da Katsinancinsa. Tsohuwa ta ba ka labarin yadda ake tafiya Madarumfa a zamaninsu, rubuta kafin ta riga mu gidan gaskiya. Shafukan farko za su fito da tsatsa, hannu ya kwana biyu bai yi aiki ba. Kada ka yaga su, kuma kada ka tsaya gyara kafin ka kai ƙarshen labari. Sannu ba ta hana zuwa. In a waya kake rubutu, to ka riƙa kwafewa a takarda. Kai shaida ne a 2021 an katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma waya takan faɗa ruwa ko a sace ta.

Ka koma karatu, domin wanda ba ya karanta na wasu ba zai iya gyara nasa ba. Ka nemi Magana Jari Ce ka sake bi a hankali, ka lura da yadda ake buɗe labari da yadda ake sa mutum ya yi magana har ka ji kamar kana ganinsa. Ka karanta na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharku, ka ga yadda ake shiga cikin gida da alƙalami. Ka kuma koyi ƙa'idojin rubutun Hausa: inda ake raba kalma, inda ake haɗewa, da haruffa masu lanƙwasa. Girmama mai karatu ne ka miƙa masa rubutu mai tsabta.

Maganar kuɗi kuwa, ka cire ta daga ranka tun yanzu. Ka riƙe sana'arka da hannu biyu, ita ce ke ciyar da iyalinka. Wanda ya shiga rubutu don kuɗi yakan ƙare da rubuta abin da kasuwa ke so, kuma mun ga inda hakan ya kai wasu a zaurukan WhatsApp, inda batsa ta zama abin tallar labari. In Allah ya kawo wani abu ta hanyar rubutun, alhamdu lillahi. In bai kawo ba, ka sami inda za ka sauke abin da ke cunkushe a ƙirjinka, kuma mutumin da ya ga abin da kuka gani yana bukatar wurin saukewa.

Sai rabi na biyu na nasihata, wanda ya fi na farkon nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, matasan Kano ba su zauna jiran kowa ba. Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu da abokansu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna buga littattafansu da kansu, kowa yana tallata na 'yan'uwansa a cikin nasa. Masana sun yi ta kushe su, ana kiran aikinsu adabin kasuwar Kano, amma su suka sa matan aure da 'yanmata da 'yan kasuwa suka rungumi karatun Hausa. Ita Balaraba tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta koma ajin manya. A 2012 aka buga fassarar littafinta Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya. Ka tambayi kanka, Balaraba nawa ke cikin gidajen Jibiya yau, ba su sami mai ce musu ci gaba ba?

Don haka ku nemi juna. Ko ku huɗu ne kun isa. Ku sa rana guda a mako, a zauren wani ko a ajin makaranta bayan an tashi, kowa ya karanta shafinsa da babbar murya, sauran su saurara. In ƙaninka ya kawo maka rubutunsa na farko, ka sani zuciyarsa ce ya ɗora a tafin hannunka. Fara da faɗa masa abin da ya yi daidai, kuma ka nuna wurin da yatsa don ya san da gaske ka karanta. Sannan ka zaɓi gyara ɗaya ko biyu, ka bar sauran sai wani zaman. Kada ka yi masa dariya a gaban mutane, kada kuma ka yabe shi a kan ƙarya, dukansu biyun kashe shi suke yi. Kai da aka gyara wa, ka karɓa da godiya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In ɗayanku ya buga littafi, ku saya da kuɗinku, kada ku tsaya jiran kyauta. In ya sa labarinsa a waya yana sayarwa, kada ka tura wa wasu ba da izninsa ba, haƙƙi ne, kuma za a tambaye ka. In ka ji sanarwar gasa, ka sanar da kowa ko da za su zama abokan takararka. Kai maigida, in matarka ko 'yarka na rubutu, saya mata littafi da biro, ka ɗauke mata yaro na ɗan lokaci. A ƙasar nan Nana Asma'u ta yi waƙoƙi, malamai mata da ake kira jaji suna ɗauka suna kai wa mata har ƙauyuka, don haka babu wanda zai ce maka rubutun mace baƙon abu ne. Ku kuma miƙa hannu ƙetare. Yaron Ɗan Isa da ya yi boko da Faransanci Hausa yake mafarki da ita kamar ku. Ku aika masa naku, ku karɓi nasa. Da tafiya ta yi tafiya, ku nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da ke Katsina da malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ku nuna musu abin da kuka tara.

Gargaɗina na ƙarshe a kan amana ne. Garinku ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma zamanin yana da haɗari. In za ka rubuta abin da ya sami maƙwabcinka, sauya suna, sauya unguwa, sauya kama, yadda ko shi ya karanta ba zai ji an tona masa asiri ba. Matar da aka sako daga daji ba ta bukatar a sake nuna ta da yatsa. Kada ka rubuta abin da zai jefa wani cikin hannun miyagu ko na hukuma, kada kuma ka mai da alƙalami abin ramuwa a kan wata ƙabila ko wani gida. Ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, ka rufa asirin wanda abin ya faru da shi.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a hannuwanku da sana'o'inku. Allah ya zaunar da Jibiya da Maraɗi lafiya, ya mai da kowane ɗan gudun hijira gidansa, ya sa abin da za ku rubuta ya zama hujja gare ku ranar gobe. Amin.