Babban jirgi: buƙata ce ko fariya?

Wani bawan Allah daga yankin Bagwai ya same ni bayan La'asar. Kwale-kwalensa ya yi wa iyalinsa kaɗan: mata biyu, yara tara, ga buhunan gero ranar kasuwa. Yana so ya sayar da bijimi ya sayi babba mai inji, dangi kuma na cewa fariya ce. Ya ce, "Malam, almubazzaranci ne?"

Na ce a'a. Annabi (SAW) ya lissafa abin hawa mai kyau cikin jin daɗin duniya, kuma kare rai na gaba da tattalin dukiya. Ba mu manta 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya daga Badau, lodi ya yi masa yawa.

Amma fa 'yan'uwa, tsorona a wani wuri yake. Ranar da sabon jirgi ya iso, maƙwabta za su cika bakin ruwa, kowa da ɗansa da akuyarsa, kunya ta hana mutum cewa ya cika. Na tambaye shi, "Za ka iya barin surukinka a gaɓa?"

Ya yi shiru. Har yau bijimin na nan a turke.