In Ɓera Da Sata, Daddawa Fa?

A shekarar 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar wasan fim ya fita daga wayar hannu ya bazu a Kano, daga nan ya karaɗe ƙasar Hausa. Aka dakatar da shirya finafinai, aka yi ta tsine wa yarinyar. Amma ɗimbin mutanen da suka riƙa tura wa junansu, ba wanda ya tuhume su. Har yau ba ta sake zani ba, ko a Dutse ko a majalisar samari a Kiyawa, sai dai yanzu WhatsApp ne ɗan aike.

To, me ke sa mutum mai hankali ya tona asirin wadda ba ta ba shi izini ba? Masana halayyar masu laifi sun yi bayani. A 1979 Cohen da Felson, mutanen Amurka, suka ce laifi yakan auku in abu uku sun haɗu: mai niyya, da abin hari, da rashin mai tsaro. Waya kuwa ta haɗa ukun a tafin hannu. Niyyar kan zama ramuwar saurayin da aka ƙi, ko neman kuɗi, ko burge abokai.

Amma ni a ganina bayanin Sykes da Matza na 1957 ya fi kama jijiyar. Sun ce mai laifi ya san abin da yake yi mugu ne, sai ya fara lallashin zuciyarsa da hujjoji tukuna. Wani ya ce, ai ba ni na ɗauka ba, turo mini aka yi. Wani ya ce, don a yi wa'azi ne. Mafi yawa kuwa su ce, ita wa ya aike ta? Wato in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jama'a, warin daddawa bai taɓa halatta sata ba. Ko da ta yi kuskure, nata tsakaninta da Ubangijinta ne. Namu kuwa cin amana ne da yaɗa alfasha, waɗanda addini ya hana, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ma ta tanadi hukunci. Hoto zarar bunu ne: ya kashe aure, ya fitar da ɗaliba daga makaranta.

Mutum ɗaya ne ke fitar da hoto, mu ne ke ba shi ƙafa. Ran da ya iso wayarka, ɗan'uwa, kai ne mai tsaron da aka ce babu. Allah ya rufa mana asiri.