Wa Zai Tambayi Mai Bindiga?



Wata rana bayan la'asar ina tsinkar zogale a tsakar gida, ɗana na fari yana bakin ƙofa da wayar babansa, ba ka jin komai sai ƙarar harbi. Na ce, "Kai, su wa kake kashewa haka?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Umma, 'yan ta'adda ne." Na ce, "Ta yaya ka gane su?" Ya ce, "Ai wasan ne ya nuna min." Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Da na bincika wajen ƙanina da ya san harkar kwamfuta, sai na tarar masu ƙera wasannin nan sun daɗe suna ƙago hukumomin yaƙi da ta'addanci waɗanda babu su a duniya. Akwai Rainbow Six da ya fito a 1998, tare da littafin marubucin Amurka Tom Clancy, inda aka haɗa zaratan dakaru daga ƙasashe daban-daban. Akwai Splinter Cell na 2002, inda jarumin, Sam Fisher, yake wa wata hukumar sirri mai suna Third Echelon aiki. An ba shi abin da suke kira 'yanci na biyar, wato ya yi leƙen asiri, ya yi sata, ya kashe, muddin don kare ƙasa ne, in kuwa aka kama shi gwamnati ta ce ba ta san shi ba. Resident Evil 5 na 2009 kuwa, a wani ƙagaggen garin Afirka mai suna Kijuju aka kai baturen hukumar BSAA yana harbin baƙar fata da cuta ta haukata, har mutane suka yi ta ƙorafi.

To 'yar uwa, ga tambayar: wanda yake kare mu, shin ya wuce a tuhume shi?

Kada ki ɗauka ban san zafin ta'addanci ba. Duk wadda ta kwana a Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 ta san yadda uwa take ƙirga 'ya'yanta da ido bayan ƙarar bam. Masu tsaron da suka ba da ransu dominmu, Allah Ya saka musu.

Amma ni mai rubuta labari ce, na san sirrin. A cikin littafi ni nake naɗa mugu, na san laifinsa tun kafin ya aikata, don haka in na halaka shi babu zalunci. Haka mai wasan ya yi, ya riga ya yanke hukunci, yaro ɗana kunama kawai ya rage masa. A rayuwa kuwa ba a rubuta laifi a goshi. Shi ya sa aka yi shaida, aka yi alƙali, aka ce a ji ta bakin wanda ake zargi. Ran da aka jefar da waɗannan, kowa na iya zama abin harbi, kuma wanda za a nuna da yatsa wataƙila ɗan wata ne da ya fita sayo mata gishiri. Wata rana ɗanki ne.

Ban ƙwace wayar ba, don hani ba ya koya wa yaro tunani. Zama na yi kusa da shi na ce, "Wannan da ka harba, in ashe kuskure aka yi fa, wa zai gaya wa uwarsa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Umma, wasan ba ya nuna uwarsa." Na ce, "To ka riƙa tuna ta da kanka."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.