RIJIYAR DA TA MUTU DA SUNANKA A JIKINTA



Makon jiya na taso daga Gwandu zan je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Kalgo. A bakin garin na ga famfon tuƙa-tuƙa, an kewaye shi da siminti, ga allo ɗauke da sunan bawan Allahn da ya gina shi domin mahaifiyarsa. Awaki ne kwance a inuwar allon. Yara kuwa, ga su can da jarkoki sun nufi fadama. Na tambayi wani dattijo, ya ce: "Malam, wanga famfo ya kusa shekara da mutuwa. Robar ciki ce ta cinye. Mai shi yana Abuja, mu kuwa kunya muka ji mu ce mai ya gyara." Da na bincika, kuɗin gyaran bai kai na ragon suna ba.

Abin ya tuna mini wata mashaya da na taɓa ziyarta a Istanbul ta ƙasar Turkiyya. Birnin a bakin teku yake, ruwa ko'ina amma na gishiri, don haka tun da can daga nesa ake janyo na sha ta magudanai. A ƙofar tsohuwar fadar Topkapi, dab da Aya Sofiya, akwai mashayar da Sarki Ahmad na Uku ya gina a 1728. Gini ne na marmara mai fuska huɗu, kowace fuska da bakin famfonta. A kowace kusurwa kuma akwai taga mai ragar ƙarfe, inda a da ma'aikata ke miƙo wa mai wucewa ruwa a kofi, kyauta, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Irin wannan wuri sabil suke ce masa, wato fi sabilillahi. Shekara biyu da gama ginin, a 1730, aka tuɓe sarkin daga mulki. Mulki ya tafi, mutane suka ci gaba da sha.

Amma ranar da na je, ban ga mai sha ba. Masu ɗaukar hoto ne cike da wurin, ni ma wallahi na ɗauka. Sai da na koma masauki na tambayi kaina: ladan yana jikin marmarar ne, ko yana cikin maƙogwaron da ya jiƙe?

Mun san hadisin Sa'adu ɗan Ubada, Allah Ya ƙara masa yarda. Mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Abu Dawuda ya ruwaito shi. Mun kuma san Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, har yau tana nan cikin gonar dabino. Shi ya sa kowa ke son haƙa rijiya, kuma madalla da haka. Sai dai sunanta sadaka mai gudana. In ta daina gudana fa?

Mutanen da sun fi mu lura da wannan. In za su gina mashaya, sai su haɗa ta da wakafi, shago ko gona, abin da aka samu a biya mai tsaro da mai gyara. Malaman fiƙihu, har da namu na Malikiyya, sun ce da kuɗin wakafi gyaransa ake fara yi kafin a raba wa kowa. Mu kuwa sai mu kashe miliyoyi a burtsatse da sola da tanki, a yanka zare, a watsa hotuna a Facebook, ba a ware ko sisi domin ranar da inji zai ƙone ba.

Ni ma ban kuɓuta ba. Na sha yin wa'azin haƙa rijiya a kan mumbari, ban tuna ranar da na yi na gyaranta ba. Dalilin a fili yake, kuma abin tsoro ne: mai gyara ba a rubuta sunansa a allo. Kowa ya duba zuciyarsa a nan.

Ku kuma mutanen gari, kunyar nan ba ta addini ba ce. An ba ku amana. Ku naɗa mutum biyu amintattu, kowane gida ya riƙa ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa ranar kasuwa. Alhaji, in mahaifiyarka ka yi wa rijiya, ɗauki waya yau ka tambaya ko tana ba da ruwa.

Ranar Asabar in sha Allahu za mu koma ƙauyen nan da mai gyara, ɗalibai sun riga sun haɗa kuɗin robar. Wanda ya san wani mataccen famfo a yankin Gwandu ko Kalgo, ya rubuto mana sunan garin da abin da ya lalace. Sunan wanda ya gina kada a sa, ba tonon asiri muka fito ba.