Kowa Ya Ci Ladan Kuturu

Bayin Allah, yi wa wani aiki a kan lada ba ƙasƙanci ba ne. Annabi Musa (AS) ya shafe shekaru yana yi wa dattijon Madyana aiki. Manzon Allah (SAW) ya yi kiwon tumakin mutanen Makka a biya shi, kafin ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija. Saboda haka matashin da ke dakon buhu a kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, da malamar firamare a Birnin Kebbi, ba su da abin jin kunya. Albashi ma rufin asiri ne. Da ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadamun Rima, manomi ya kwana yana lissafin bashin taki, ma'aikaci kuwa da wata ya ƙare ya karɓi nasa.

Amma ɗan'uwa, lokacinka ka sayar. Ka sa hannu a rajista da ƙarfe takwas, hantsi bai gama dubawa ba ka sulale kasuwa, ga yara a aji sun zuba wa allo ido, ga tsohuwa riƙe da kati a ƙofar asibiti tun asuba. Da wane kuɗi za ka ciyar da iyalinka a ƙarshen watan? Na sani, Naira 75,000 da gwamnatin Kebbi ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta kai mai iyali ƙarshen wata. Wannan hujja ce ta neman ƙari ta hanyar da ta dace, ba ta halatta na goro ko satar lokaci ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zuciya. A hankali sai mutum ya fara ganin arzikinsa a aljihun maigida yake. A miƙo masa takardar ƙarya, ya san ƙarya ce, ya ce "ranka ya daɗe" ya sa hannu, don kada a kore shi. Maigida sanadi ne kawai, Allah ne mai azurtawa. Shi ya sa nake roƙonku kada ku saki gonar gado ko homa da gorar kamun kifi don kun sami ofis. Mai abin yi a gefe ya fi iya cewa a'a.

Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, daga mai injin casa har mai 'yar aikin gida, ku yanke lada a fili tun kafin a fara, ku biya a kan kari, ku bar su su yi salla a lokacinta. Wanda ke riƙe da haƙƙin wani, don Allah ya biya shi yau.